Ciwon Hantsa: Abin Da Ke Sa Ya Ƙi Jin Magani

Duk mai shanu a ƙasar Daura, daga Baure har Zango, ya san ciwon hantsa. Hantsar saniya ta kumbura, ta yi zafi, madara ta fito da gudaji, wani lokaci har da jini ko mugunya. A yi mata allura ta sami sauƙi, bayan 'yan makonni ciwon ya komo. Daga ƙarshe kan nono ɗaya ya mutu, maraƙi ya rame, mai tallan nono ta rasa na kai wa kasuwa, saniyar kuma in an kai ta kasuwar Mai'aduwa sai a taya ta da arha.

To, me ke sa ciwon ya komo? Waɗansu ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, babbarsu ita ce wadda likitoci ke kira Staphylococcus aureus. Sukan shiga ta kan nono, yawanci daga hannun mai tatsa. In sun shiga sai su manne a jikin tsoka, su taru, su lulluɓe kansu da wani yauƙi, kamar yadda gansakuka ke kama cikin randar da ba a wankewa. Wani masani, Bill Costerton, shi da abokan aikinsa suka bayyana wannan hali na ƙwayoyin cuta a 1978.

Allah ya yi wa jiki dakaru, watau fararen ƙwayoyin jini, masu haɗiye cuta. Amma in cutar ta shige cikin yauƙin nan sai ta fi ƙarfinsu, su yi ta taruwa a bakinta suna mutuwa. Gawarsu ce mugunyar da ake gani. Magani ma haka: yakan kashe na waje, na ciki su yi lamo. An gwada an ga waɗansu na cikin yauƙi suna jure magani ninki ɗari, har fiye. Da magani ya ƙare sai su farfaɗo.

Saboda haka masu bincike suka koma neman hanyar koya wa jiki gane yauƙin. A 2009 ƙasashen Turai suka amince da wata allurar rigakafi, Startvac, wadda kamfanin Hipra na ƙasar Sifen ya yi. Tana rage tsananin ciwon, amma ba ta hana shi ɗungum. Aiki bai ƙare ba ke nan, kuma irin wannan aiki sai da kuɗi: na kayan awo, da ɗibar madara ruga ruga, da albashin ma'aikata shekara da shekaru.

Kuɗin bincike ba asara ba ne. Ma'aikatar binciken dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, ta daɗe tana yin allurar bushiya, ga shi a 2011 an yi shelar cewa bushiya ta ƙare a duniya. Akwai kuma asusun TETFund, na dokar 2011, wanda ke ba jami'o'i kuɗin bincike daga harajin kamfanoni. Ya kamata ƙungiyoyin makiyaya da wakilan jama'a su matsa a sa ciwon hantsa cikin abin da za a bincika, a kan irin shanun ƙasar nan.

Kafin nan, ga abin da ke hannun mai shanu. A wanke hannu da sabulu kafin tatsa. Saniya mai ciwo ita za a tatsa daga ƙarshe, a ƙwarya dabam, a zubar da madarar. A wanke ƙore da ruwan zafi, a shanya a rana. A kira malamin dabbobi tun ranar farko, kafin cuta ta kafu, a kuma cika kwanakin allura. Kada a sayar da madarar saniyar da ke kan magani sai kwanakin da malamin ya faɗa sun cika. Rigakafi ya fi magani.