Wuraren Tarihi da Al'adun Shaƙatawa a Ƙasar Katagum

Ƙasar Katagum, wadda take arewacin Jihar Bauchi, ta zauna ne a kan iyakar tsohuwar daular Borno da daular Usmaniyya ta Sakkwato, kuma wannan zama na bakin iyaka shi ya tsara irin kufan da ke cikinta da al'adun mutanenta, waɗanda suka haɗa Hausawa da Fulani da Barebari da Karekare. Mafi yawan abin da tarihi ya bari a ƙasar yana warwatse a ƙananan garuruwa, daga duwatsun Shira har zuwa yankin Gamawa inda garin Gololo yake, nesa da Azare wadda baƙi suka fi sani.

Kafin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ƙasar tana ƙarƙashin ƙananan masarautu irin su Shira da Tashena da Auyo, waɗanda suke biyan haraji ga Borno. A duwatsun Shira akwai zane-zanen da mutanen dā suka yi a jikin kogunan dutse, mafi yawansu siffofin shanu da mutane, kuma masu binciken kayan tarihi suna lissafa su tare da na Birnin Kudu da na Geji cikin muhimman shaidun daɗewar zaman ɗan Adam da kiwo a wannan shiyya.

Masarautar Katagum ita kanta Malam Ibrahim Zaki ne ya kafa ta a wajen shekarar 1807, bayan ya karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kuma kai yaƙi har Birnin Gazargamu, fadar sarakunan Borno, kafin rasuwarsa a 1814. Birnin da ya gina a bakin kogin Jama'are ya kasance ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake zaunar da mayaƙa a cikinsa domin tsaron iyaka, kuma a can hubbarensa yake, wato ginin da aka yi a kan kabarinsa. Lokacin da Baturen Birtaniya Hugh Clapperton ya sauka a garin a watan Janairun 1824, zamanin Sarki Ɗankawa, ya rubuta cewa ganuwa biyu ce ta kewaye shi, da ƙofofi huɗu, ya kuma ƙiyasta mazaunansa tsakanin 7,000 da 8,000. Abokin tafiyarsa, Likita Walter Oudney, ya rasu a Murmur, kusa da Katagum, a cikin wannan watan.

Turawa sun ci ƙasar a 1903, sannan a 1916 aka mayar da fadar sarki Azare, abin da ya raba sarauta da tushenta: fada da kasuwa da makarantu suka bunƙasa a sabon mazauni, tsohon birni kuwa ya koma hedikwatar ƙaramar hukumar Zaki. Da yake ganuwa ginin ƙasa ce, wadda ba ta tsayuwa sai da yaɓe bayan kowace damina, kuma aikin gayyar da talakawa suke yi mata ya tsaya tun da yaƙe-yaƙe suka ƙare, ruwan sama da noma da masu ɗiban ƙasar gini sun cinye mafi yawanta.

Al'adun shaƙatawa sun fi gine-ginen jurewa, domin suna tafiya ne tare da lokutan shekara. A Azare ana yin hawan Sallah, inda hakimai da dagatai suke zuwa da dawakansu cikin ado su yi jafi, wato sukuwar gaisuwa a gaban sarki. A garuruwa irin Gololo kuwa, kaka ce lokacin wasa, sa'ad da aka gama girbin gero da dawa, samari suka samu sarari da kuɗi a hannu, sai a buɗe fagen kokawa da dambe, Fulani makiyaya su yi shaɗi, wato gwajin jimiri da bulala, ranakun kasuwa kuma su zama mahaɗar dangi da makaɗa. Fadamun kogin Jama'are, waɗanda suke haɗuwa da na kogin Haɗeja su zama dausayin Haɗeja da Nguru, suna ba da wurin kamun kifi da noman rani, suna kuma karɓar tsuntsaye masu ƙaura daga Turai a lokacin hunturu.

Kiyaye wannan gādo ba ya buƙatar kuɗi mai yawa a matakin farko, illa a shata iyakar abin da ya rage na ganuwa da kogunan Shira a hana ɗiban ƙasa da fasa dutse a wurin, a kuma naɗi bayanan dattawa tun suna raye. Jami'ar Sa'adu Zungur da ke Gadau da Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh da ke Azare suna da malamai da ɗaliban da za su iya ɗaukar wannan aiki gunduma bayan gunduma, idan masarauta da ƙananan hukumomi suka ba su goyon baya.