Gargaɗi ga Iyayen da Suka Rabu: Ina Yaron Ya Kwana Jiya?

Jama'a, a saurara da kunnen basira. Magidancin da ya rubuta takardar saki, matar da ta kwashe kayanta ta koma gidansu, da kakannin da aka jibge wa jikoki, ku binciki inda yaran nan suke wuni da inda suke kwana, yau ɗin nan. Dillalan ƙwaya sun riga kowa sanin gidan da aure ya mutu a unguwa.

Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da haɗin gwiwar Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 a Nijeriya suna ta'ammali da kayan maye, kuma cikin kowane huɗu ɗaya mace ce. A shekarar ce gwamnati ta haramta sarrafa maganin tari mai kodin da shigo da shi, amma tiramol da roci da wiwi da sholisho suna nan a lunguna. A Amurka ma, wani bincike da aka yi kan mutum fiye da 17,000 daga 1995 zuwa 1997 ya lissafa rabuwar iyaye cikin masifun ƙuruciya masu ƙara haɗarin faɗawa shaye-shaye.

Saki halas ne, akwai ma auren da mutuwarsa ta fi zamansa sauƙi ga yaran. Ɓarnar tana cikin abin da ke biyo baya. Uba ya ce yaro yana wurin uwarsa. Uwa ta yi wani auren, ta ce yana wurin kakarsa. Kaka kuwa ido ya yi rauni, da sallar isha'i ta yi barci. Yaro ya wayi gari da gida uku, babu ko ɗaya da za a neme shi in ya kai sha biyun dare a waje. Gidan ubansa ana ƙirga masa loma, gidan mijin uwarsa sunansa agola. Majalisar bakin layi ce kaɗai ke yi masa maraba, kuma ƙwayar farko kyauta ake ba shi, a ce ya haɗiya ya manta da damuwa. 'Yan mata nasu a ƙuryar ɗaki ne, an juye sirof cikin robar lemo, shi ya sa ake daɗewa ba a farga ba.

Iyaye maza, kason laifinku ya fi tsoka. Wanda ya yanke ciyarwa da kuɗin makaranta don ya ƙuntata wa tsohuwar matarsa, ɗansa ya tura kan titi. A fiƙihun Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi, ko a hannun wa yaro yake, cinsa da suturarsa suna wuyan uba. Ku kuma iyaye mata, ku daina hana yara zuwa gaida ubansu, ku daina aibata shi a gabansu. In an hana ku haƙƙin ciyarwa, ku kai ƙara kotu ko Hisba.

Da zarar kun ga yaro ya fara barcin rana fiye da kima, magana tana sarƙewa, ido ya yi ja, ya canza abokai, kuɗi ko waya suna ɓacewa a gida, ku ajiye gaba ku kira juna a ranar. Duka ba ya raba mutum da ƙwaya. Kada kuma a kai shi gidan mari. Ba a manta da ɗaruruwan mutanen da 'yan sanda suka fito da su daga wani irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna a 2019 ba, wasu da sarƙa a ƙafa. Ku nufi asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko na Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko ofishin hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA na jiharku ku nemi sashen ba da shawara. Likita zai so ganin uba da uwa duka, don haka ku je tare.