Tsadar yaƙi da cin zali a makarantun gwamnati: misalin Finlanda

Wannan taƙaitaccen bayani ya shafi abin da ke cin kuɗi cikin tsare-tsaren hana cin zali tsakanin ɗalibai. A shekarar 2006, ma'aikatar ilimi ta Finlanda ta ɗora wa jami'ar Turku aikin tsara shirin KiVa, kuma ta ɗauki nauyinsa. Daga 2009 aka baza shi cikin ƙasa, har kusan kashi 90 bisa 100 na makarantun ilimin tushe suka shiga.

In aka duba, littattafai da kayan aiki ba su ne babban nauyi ba. Lokacin malamai shi ne mai tsada: horar da su, darussa na kusan awa 20 a shekara ga azuzuwan da abin ya shafa, da kwamitin ma'aikata uku mai bin kowace ƙara.

Da tallafin gwamnati ya ƙare, sai makarantu suka koma biyan kuɗin shekara-shekara, yawan masu aiki da shirin kuma ya ragu. Saboda haka, duk kasafin da ya tsaya ga kuɗin farawa bai cika ba. Wajibi ne a lissafa na ɗorewa tun farko.