Wa Ke Riƙe da Sunan Kamfani a Yau?

Yau maganarmu a kan shaidar da jama'a ke yi wa kaya da mai kaya ce, da yadda shaidar nan ta tattara ta koma cikin wayoyinmu, tana yawo ta Facebook da WhatsApp da TikTok. Abu guda shirinmu zai tsaya a kai. Sunan kamfani, babba ko ƙarami, yanzu yana tafiya ne a kan yardar da ke tsakanin mutum da mutanensa, wato ƙanwa da yayarta, aboki da aboki, 'yan unguwa ɗaya da 'yan aji ɗaya. Daga nan ƙarfin abin yake, daga nan kuma ɓarnarsa take, domin duk lokacin da aka ɗaga wani kaya ko aka kayar da shi, zumuncin wasu ne aka yi amfani da shi.

Mu fara da ƙasar Maroko. A watan Afrilu na 2018 wasu shafukan Facebook, waɗanda ba su da wani sanannen jagora, suka yi kira da a ƙaurace wa kaya uku saboda tsada: madarar Centrale Danone, da ruwan gora na Sidi Ali, da gidajen mai na Afriquia. Ba a yi zanga-zanga ba, ba a toshe hanya ba, mutane dai suka daina saye. Da farko manya sun raina abin. Ministan kuɗi na lokacin, Mohamed Boussaid, ya siffanta masu ƙauracewar da cewa ruɗaɗɗu ne, maganar da ta ƙara wa wutar fetur. Kafin a ankara madara ta yi kwantai a shaguna, har kamfanin ya rage yawan madarar da yake saye a hannun makiyaya da kashi 30 cikin ɗari. A watan Yuni shugaban Danone na duniya baki ɗaya, Emmanuel Faber, ya taso daga Faransa ya zo Kasabalanka da kansa, ya ce ya ji koken jama'a, a watan Satumba kuma aka sanar da rage farashi. Duk da haka kamfanin na Maroko ya rufe shekarar da asara.

Me ya sa kiran da ba shi da shugaba, ba shi da ofis, ba shi da ko sisin talla, ya durƙusar da kamfani mai wannan girma? Dalilin shi ne bakin da kiran ya fito. Talla a allon bakin titi kowa ya san biya aka yi, don haka ana kallonta da rabin zuciya. Amma idan ɗan uwanka ne ya sa a shafinsa cewa gidansu an daina shan madarar nan, maƙwabciyarka ta maimaita, abokin aikinka ya ƙara, to maganar ta tashi daga ra'ayi ta zama abin kunya: mutum zai ji nauyin a gan shi ya fito daga shago da kwalin a hannu. Su kansu masu dandalin sun san da wannan. A watan Janairu na shekarar, wata uku kacal kafin lamarin Maroko, Mark Zuckerberg ya sanar cewa Facebook zai riƙa fifita abin da 'yan uwa da abokai suka wallafa a kan abin da kamfanoni da jaridu suka wallafa. Takardun cikin gida da tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin Frances Haugen ta fitar a 2021 sun nuna cewa tsarin ya riƙa tura abin da ke jawo fushi da gardama gaba, domin shi ya fi tara martani. Ka haɗa bakin da aka yarda da shi da na'urar da ke son fushi, ka ga abin da kamfani ke fuskanta.

Kamfanin da bai gane haka ba, sai ya ɗauka da mutum ɗaya yake rigima. A nan Najeriya mun ga misali. A watan Satumba na 2023 wata 'yar kasuwa a Legas ta rubuta a Facebook cewa ta sayi tumatirin gwangwani na Nagiko, wanda kamfanin Erisco Foods ke yi, ta ji zaƙinsa ya yi yawa. Gardama ta ɓarke a ƙarƙashin rubutun, ita ma a wani martani ta yi kakkausar magana, tana cewa kayan na cutar da mutane. Kamfanin ya musanta, ya kai ƙara wurin 'yan sanda. Cikin mako guda aka kama ta, aka ɗauke ta a jirgi zuwa Abuja, daga baya aka gurfanar da ita a ƙarƙashin dokar laifukan intanet ta 2015, kamfanin kuma ya shigar da wata ƙarar daban yana neman diyyar naira biliyan 5. Kafin kamun, 'yan dubbai ne suka ga rubutun. Bayan kamun, ƙasar gaba ɗaya ta ji, aka shiga kiraye-kirayen a ƙaurace wa kayan kamfanin, ƙungiyar Amnesty International ta sa baki, manyan kafafen labarai na duniya suka ɗauka. Mutanen da ba su taɓa buɗe gwangwanin ba suka haddace sunansa, kuma abin da suka haddace shi da shi kamun wata mata ne. Kowace mai cefane ta ga kanta a matsayin matar, domin wace ce ba ta taɓa cewa wani abu bai yi mata daɗi ba?

Wani mai sauraro zai ce, to shi kamfani fa, ba shi da haƙƙi? Mutum ya zuba dukiyarsa shekara da shekaru, ya ɗauki ma'aikata, sai wani ya zauna a ɗaki ya rusa shi da layi biyu? Wannan magana ce mai nauyi, kuma gaskiya ce. Ƙazafi yana kashe kasuwa, ƙarya kuma ta fi gaskiya sauri a waɗannan dandali. Binciken da masana na jami'ar MIT ta Amurka suka buga a 2018 ya gano cewa a Twitter labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu yaɗawa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Ko inda koken yake da tushe, duka ba ya tsayawa a kan wanda aka nufa. A Maroko, waɗanda suka fara ji a jikinsu ƙananan makiyaya ne masu saniya biyu ko uku, waɗanda motar karɓar madara ta daina tsayawa a ƙofarsu, alhali ba su ne ke yanke farashi ba. Saboda haka babu mai cewa duk abin da taro ya yanke a intanet daidai ne. Tambayar ita ce, da me ake mayar da martani? Idan an ce kayanka na da illa, akwai hukumar NAFDAC da za ta gwada ta bayyana sakamako, akwai hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC, akwai kotun farar hula ga wanda aka yi wa ƙazafi da gangan. Waɗannan suna kawo hujja, hujja kuma abu ce da mutum zai iya tura wa ƙanwarsa ya ce ga gaskiyar magana. Ɗan sanda ba ya kawo hujja, tsoro yake kawowa, wanda aka tsoratar kuma zai yi shiru a fili ya ci gaba da magana a zauren WhatsApp na danginsu, inda kamfani ba ya ji balle ya kare kansa. Kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2022 cewa sashe na 24 na waccan dokar laifukan intanet ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, a 2024 kuma aka yi masa gyara aka taƙaita shi.

Akwai kuma masu cewa duk hayaniya ce ta kwana biyu, gobe an manta. Su ma suna da abin kafa hujja. A watan Afrilu na 2017 an ɗauki bidiyon jami'an tsaro suna jan wani likita a ƙasa, fuskarsa jina-jina, daga cikin jirgin United Airlines a Chicago. Duniya ta yi ca, shugaban kamfanin ya nemi gafara, aka biya diyya, ba a jima ba ciniki ya koma yadda yake. Aziz Akhannouch, mai gidajen man Afriquia da aka ƙaurace wa a 2018, shi ne ya zama firaministan Maroko a 2021. Amma a lura da su waye ke tsira. Masu jari ne mai kauri, masu lauyoyi da ma'aikatan hulɗa da jama'a, waɗanda sau da yawa mai saye ba shi da wani zaɓi sai su. Ku dubi matar da ke sayar da turaren wuta da humra, ko atamfa da leshi, ko dambun nama, daga cikin ɗakinta. Shagonta shi ne hotunan da take sawa a WhatsApp kowace safiya. Mai saye tana gani, ta tambayi farashi, ta tura kuɗi, ta aiko da hoton shaidar biya, sai a ɗaure kaya a leda a rubuta lambar waya a jiki a kai tasha a ba direba. Ba su taɓa ganin juna ba, abin da ya haɗa su kawai wata ce ta ce ai na san ta, mai amana ce. Ranar da launin atamfar ya saɓa da na hoto, ko kaya ya kwana uku a tasha, mai sayen ta ɗauki hoton hirarsu ta watsa a zauren mata, shi ke nan. Matar nan ba ta da kakaki, ba ta da lauya, kuma masu karanta zargin su ne dai mutanen da za ta haɗu da su a gidan biki da gidan suna. Asarar kasuwa da zubewar mutunci lokaci ɗaya suke zo mata.

Nan ne maganar kasuwa ke shiga cikin gida. Tunda an gane cewa bakin ɗan uwa ya fi allon talla, sai aka shiga sayen bakin. Kamfanoni na biyan masu ɗimbin mabiya, 'yan fim da mawaƙa da masu barkwanci, su yabi kaya kamar dai shawara suke bai wa aboki, shi ya sa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON, wadda dokar 2022 ta kafa, ta ce irin wannan tallar ma sai an tantance ta. Mafi muni shi ne inda aka mayar da kowa ɗan talla a cikin danginsa. Tsarin MMM, wanda ya rufe asusun jama'a a watan Disamba na 2016, bai yaɗu ta allon titi ba. Yaya ne ya kawo ƙanensa, aboki ya kawo aboki, kowa na nuna saƙon shigar kuɗi a wayarsa, ana ba shi lada kan duk wanda ya jawo. Da abin ya rushe, waɗanda suka ƙirƙiro shi suna can nesa ba wanda zai kama su, wanda ake gani kullum shi ne ɗan uwan da ya ce a shiga. Kuɗi ya tafi, gaisuwa ma ta yi wuya. Haka a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, saƙon wanka da ruwan gishiri da shan sa ya zagaye ƙasar nan cikin dare ɗaya, iyaye na kiran 'ya'ya da asuba, 'ya'ya na kiran iyaye. An kwantar da mutane a asibiti, aƙalla biyu suka rasu. Babu wanda ya tura saƙon don mugunta. Ƙauna ce ta sa aka tura, ƙauna ce kuma ta sa aka gaskata.

Za a iya cewa ai ba sabon abu ba ne, tun fil azal a bakin jama'a ake sanin mahaucin da ke tauye awo da telan da ke cika alkawari. Haka ne, amma a da maganar tana da iyaka da kuma mai ita. Wanda ya faɗa sananne ne, ana iya zuwa a tambaye shi, dattawan kasuwa na iya kiran ɓangarorin biyu su sasanta, in an kwana biyu kuma zancen ya mutu. Yanzu rubutu ne da hoto, ba ya mutuwa, yana iya tasowa bayan shekara uku a wani gari kamar yau aka yi shi, kuma yana isa gare ka ɗauke da sunan wanda ya tura maka, ba na wanda ya ƙirƙira ba. Wato kowane mai turawa yana ara wa maganar mutuncinsa ba tare da ya san asalinta ba. WhatsApp ya amsa cewa akwai matsala, shi ya sa a 2019 ya taƙaita tura saƙo zuwa wurare biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da aka yi ta yawo da shi zuwa wuri ɗaya tak. Matakin yana rage gudu, amma ba ya tantance gaskiya, domin saƙonnin a kulle suke, kamfanin da kansa ba ya karanta su. Don haka a zauren dangi mai mutum tamanin, tantancewar da ta rage ita ce ta mutum ɗayan nan da zai rubuta cewa, Baba, wannan labarin a ina aka samo shi? Kowa ya san abin da ke biyo baya: a ce ya cika iyayi, ko a ce ba shi da kunya, wani lokaci ma a cire shi daga zauren. Shi ya sa akasari ake yin shiru, saƙon kuma ya wuce zuwa zaure na gaba da sunan Baba a kansa.