Inda Ake Koyon Yi wa Kek Riga

A saman wani bene da ke bakin titi a birnin Kano akwai wani ɗaki mai faɗi da dogayen tebura na ƙarfe, kuma duk zafin da ake yi fankarsa a kashe take. Da gangan ake kashe ta. Iska tana busar da fondan, wato kwaɓin sukarin da ake lulluɓe kek da shi, kafin a gama murza shi, tana kuma tayar da garin sukari ya bi fuskokin mutane. Don haka ɗalibai sai su haƙura da zufa har a gama lulluɓe kek, sannan a kunna.

Yawancinsu mata ne: matan aure, 'yan matan da suka gama karatu suna jiran aiki, da ma'aikatan da ba su da sarari sai Asabar da Lahadi, sai ɗaiɗaikun samari. Kusan kowacce ta iya gasa kek tun a gida. Abin da ya kawo su shi ne hoton da mai saye zai ɗauko a Instagram ya turo ta WhatsApp, kek mai hawa uku, sumul ba tabo, ya ce irinsa yake so ranar kamu. Kirim ɗin bota ba ya ba da wannan santsin. Sai fondan.

Ranar farko ba a taɓa kek ko kaɗan, haɗin fondan ake koya. Ana jiƙa jelatin a ruwan sanyi har ya kumbura, a narkar da shi a kan tukunyar ruwan zafi ba tare da ya tafasa ba, a zuba ruwan gulukos da gilisarin da ɗan farin mai, sannan a juye a tsakiyar tankaɗaɗɗen garin sukari a shiga cuɗawa. Kowane da aikinsa. Jelatin ne ke ba shi danƙo, gulukos ya sa ya miƙe ba tare da ya katse ba, gilisarin ya riƙe masa laushi. Idan ana son ya yi tauri don fure ko ɗaurin kintinkiri, sai a ƙara garin CMC kaɗan. A naɗe a leda, a bar shi ya kwana. Malamar, wadda kowa ke kira Anti, ba ta yarda a dogara da awo kaɗai. Takan gutsuro ta danƙa wa ɗaliba a tafin hannu, ta ce ta matsa ta ji, domin sukarin wannan buhun ba lallai ya sha ruwa daidai da na wancan ba. Waɗanda suka taso suna taya iyaye murza dubulan da alkaki su ne suka fi saurin ganewa.

A nan ne kuma ake tsayawa kan maganar da ba a cika jin ta a bidiyon ƙetare ba. Daga fata da ƙashin dabbobi ake samo jelatin, kuma kaso mai yawa na wanda ake yi a duniya daga fatar alade ne. Haka alewar nan mai laushi da wasu ke narkarwa su yi fondan na gaggawa, akasarinta da jelatin a ciki. Anti takan jera ledoji a tebur a karanta abin da aka rubuta a jiki, a nemi na shanu ko na kifi mai shaidar halal. Wadda zuciyarta ba ta kwanta ba, sai ta koma haɗin farin ƙwai da CMC, wanda masu kek da yawa a Najeriya ke yi. Garin kalar zinare ma da shi a lissafi: a ƙetare da barasa ake dama shi saboda tana saurin bushewa, a ajin nan kuwa da ɗigon ruwan lemun tsami, ko da zai ɗauki lokaci.

Lulluɓi shi ne inda hankalin kowa ke tashi. Ana fara gwaji a kan kek na bogi, wato farin abin nan mara nauyi da ake tokare talabijin da shi a cikin kwali, an yanka shi da'ira. Sai hannu ya faɗa ake zuwa kan na gaske. A daidaita samansa da wuƙa, a shafe shi da kirim siriri don ya kama ɓurɓushi, a sa a firij ya ɗaure. Sannan lissafi: faɗin kek a haɗa da tsayinsa sau biyu. Mai faɗin inci 8 da tsayin inci 4 yana buƙatar shimfiɗar inci 16, a ƙara ɗan rara. Kauri kuwa tsakanin milimita 3 da 4. In ya gaza haka ya yage, in ya wuce ya yi nauyi ya rinjayi kansa.

Ɗaliba za ta naɗe shimfiɗar a jikin sandar murji, ta ɗaga, ta warware a hankali a kan kek. Daga nan ba jinkiri. Ta goge sama da tafin hannu don iska ta fita, ta manne bakin gefe kafin nauyi ya ja shi ya tsage, sannan ta bi ƙasa: hannun hagu yana buɗe tattara, na dama yana lallaɓawa ciki, faifan ƙasa yana juyawa kaɗan-kaɗan. Kuskuren kowace sabuwa ɗaya ne, ja ƙasa. Nan take za a ji "Anti, ya yage!" daga ƙarshen tebur, ita kuma ta iso ta nuna yadda ake tura shi sama a liƙe da ɗan mai a yatsa. Inda iska ta maƙale ta yi ƙulu, allura mai tsabta ake sokawa ta gefe a shafe.

Amma babban darasin ajin shi ne yanayi, kuma shi ne dalilin da kuɗin makarantar ba asara ba ne. Al'adar farin kek na biki daga ƙasashen sanyi ta fito. A Ingila ta yi ƙarfi tun bikin Sarauniya Biktoriya a 1840, makarantar koyon adon kek ta Wilton kuma a Chicago ta Amurka aka buɗe ta a 1929. Ƙa'idojin da ke littattafai da bidiyo an gina su ne a kan ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Kano kuwa yanayi uku gare ta, kowanne da irin fitinarsa.

Da damina, musamman a watan Agusta, sukari yana zuƙar laima daga iska. Fondan ya yi naso, ya riƙa maƙalewa a hannu, furen da aka shanya jiya a wayi gari ya sunkuya, ja ya zubo kan fari. Sai a rage gilisarin, a ƙara CMC, a riƙa barbaɗa sitacin masara a tebur maimakon garin sukari. In aka fito da kek daga firij ya yi zufa, doka ita ce kada a taɓa. A bar shi ya bushe da kansa, don duk yatsan da ya sauka sai ya bar shaida. Da hunturu abin juyawa yake yi. Kafin a gama murji fuska ta bushe, gefe ya yi tsattsage, ga ƙura da ke shiga ko ta ina ta zauna a kan fari. A nan mai da gilisarin ake ƙarawa, a rufe duk abin da ba a aiki da shi, a yi sauri. Bazara kuwa, lokacin da zafi ke kai maki 40 a watan Afrilu, daga ƙasa matsalar ke ɓullowa: bota tana narkewa tun wajen maki 32 zuwa 35, kirim ya saki, kek ya yi tumbi a gefe. Shi ya sa ake koya musu shafe da haɗin cakulan, a kuma mayar da aiki cikin dare ko bayan sallar asuba.

Wajen ado, masu saye a nan ba su cika son mutum-mutumi ba. Furanni suke so, da zanen lalle a jikin farin kek, akwatin lefe, ɗaurin gwaggwaro, hular zanna ta ango, da siffar allo don walimar sauka, wanda sunan mai sauka kawai ake rubutawa a kai, ban da aya, tunda abu ne da za a yanka. Ja da baƙi su ne kaloli masu wuya, don in aka labta kala sai ɗaci ya fito. Ana haɗa su tun jajibiri su nuna, baƙin kuma a fara shi da garin koko.

Darasin da ɗalibai suka fi rainawa, alhali shi ya fi yi musu amfani, shi ne na kuɗi. Yawancin sukarin da ake sha a ƙasar nan ɗanye ake shigo da shi daga Burazil a tace a Legas, saboda haka tun da aka cire tallafin mai aka kuma saki naira a 2023, farashin da aka tarar a kasuwar Singa wannan mako ba shi za a tarar mako mai zuwa ba. Anti takan sa kowacce ta rubuta komai: gas, man janareta, kwali, katakon ƙasa, kuɗin mota, da awannin da ta yi a tsaye. Da yawa a nan suke gano cewa kyauta suka daɗe suna yi wa dangi da sunan sana'a. Kafin alƙalami dole ne, ko da kuwa 'yar ɗaki ɗaya ce ta yi oda. Kuma ana gaya musu gaskiya cewa mutane da yawa ɓare fondan suke yi su ajiye saboda zaƙi, don haka kek ɗin ciki shi zai dawo da mai saye. A gara kuwa har yanzu nakiya da alkaki da dubulan ne ke cika robobi.

Makon ƙarshe na kai kaya ne. Kek mai hawa sai an soka masa sanduna a ciki don na sama kada ya nutse cikin na ƙasa, kuma ba a ɗaukarsa a haɗe. Kowane hawa da kwalinsa, a ajiye a ƙasan mota inda yake a daidaice, ba kan kujera mai gangare ba. Wadda adaidaita sahu za ta hau sai ta ɗauki shata, ta riƙe a cinya, ta roƙi direba ya bi ramuka a hankali. A jakarta akwai ragowar fondan na kowace kala, allura, ƙaramar wuƙa da furanni biyu-uku na rufe tabo. A wurin taro ake haɗa hawan, nesa da taga da fitilun masu ɗaukar hoto, kuma sai ta ɗauki nata hoton ta karɓi cikon kuɗinta kafin ta bar wajen.