Sai Masu Gida: Yadda Ake Tayar Da Kulob Ɗin Da Ya Durƙushe

 Na san wata tana ganin kan wannan rubutu za ta taɓe baki ta ce, "Yau kuma ƙwallo aka koma? Ina ruwan biri da gada?" To 'yar uwa ki dakata tukuna, domin kuwa da ruwanmu dumu-dumu. Daga Gwarzo zuwa Getso, daga Kabo zuwa Garo, da wuya ki shiga gida ba ki tarar da takalmin ƙwallo a ƙarƙashin gado ba. Wata yayanta ne, wata ƙaninta, wata kuwa wanda ke zuwa wurinta zance ne, wanda ranar da aka ci kulob ɗinsa ko murmushi ba ya iya yi mata. Mu ne masu wanke rigar wasa, mu ne masu dafa ruwan gashi idan an yi targaɗe, kuma sau tari kuɗin adashen iyayenmu mata ne ke tafiya wajen sayen takalmin. Tunda haka ne, ai gara mu san yadda harkar take.

Abin da nake so mu duba shi ne abin da ke faruwa bayan an rufe kakar wasa, lokacin da fili ya yi tsit. A wannan hutun ne ake sallamar wasu 'yan wasa, a sayo wasu, a ba da aron wasu. Masu iya magana sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kulob ɗin da zai ɗauki kofi, tun a wannan kasuwar ake gane shi.

Tashi da faɗuwar Pillars

Bari mu fara da namu na gida. An kafa Kano Pillars a 1990, bayan da aka haɗe ƙungiyoyi uku: WRECA da Golden Stars da Bank of the North. Sun ɗauki kofin gasar Nijeriya a 2008, sannan suka jera shi sau uku, 2012 da 2013 da 2014. A 2009 suka fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali ita ce ke riƙe da kofin, suka kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare su. Sun shafe shekara 12 babu wanda ya ci su a gida a wasan lig, sai a 2015 Nasarawa United ta karya wannan lagon. A 2019 kuma suka ɗauki kofin ƙalubale a Kaduna, bayan sun doke Niger Tornadoes a bugun fenareti. Shi ya sa ake musu kirari da Sai Masu Gida.

To amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. A watan Afrilun 2022 aka yi hatsaniya a wasansu da Katsina United a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, aka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci su tara, ta mayar da wasanninsu na gida can Abuja, kuma kafin kakar ta ƙare an zaftare musu maki 3. Ƙarshenta dai Pillars ta faɗa rukuni na biyu, ita da Katsina United da Heartland da MFM ta Legas. Wallahi a ranar maza sun yi kuka da hawaye a gidajen kallo.

Da kulob ya faɗi, abu na farko da ke faruwa shi ne watsewa. 'Yan wasan da ke da kasuwa kowa ya kama gabansa, domin ba mai son ya ɓata shekararsa a gasar 'yan dagaji. A nan ne ake gane ɗan halak. Kyaftin Rabi'u Ali, wanda ake kira Pele, bai tafi ko'ina ba, duk da ya haura shekara 40. Ya tsaya aka haɗa shi da matasa, koci Evans Ogenyi ya ja ragamarsu, kuma shekara ɗaya tak suka yi a ƙasa, a 2023 suka dawo babbar gasa. Da suka dawo aka ɗauko Abdu Maikaba ya horar da su, a 2024 aka kawo Usman Abdallah. A watan Oktoban wannan shekara ta 2024 Ahmed Musa da Shehu Abdullahi suka dawo gida suka sa rigar Pillars, su da suka daɗe suna wasa a ƙasashen waje. A watan Yulin 2025 ma aka naɗa Ahmed Musa babban manajan kulob ɗin.

Ku lura da tsarin nan da kyau: an riƙe dattijo guda wanda yara ke jin nauyinsa, an zuba sabon jini, sannan daga baya aka kawo manya masu suna. Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohuwar zuma kaɗai ba ta gudun minti 90.

Sai dai akwai abin da kuɗi ba ya saya. A watan Oktoban 2025 aka sake yin rigima bayan wasa da Shooting Stars ta Ibadan, aka sake zaftare musu maki 3, aka kai wasanninsu Katsina. Kun ga ko an sayo gwanayen duniya, idan 'yan kallo ba su riƙe zuciyarsu ba, wahalar 'yan wasa ta tashi a banza. Wannan saƙo ne da ya kamata kowace ta isar wa yayanta.

Auna ɗan wasa, ba kallon ƙirarsa ba

Yanzu ta yaya ake gane wanda za a saya? A nan bari in tsallaka da ku Amurka. Suna da wani wasa da ake kira besbol, wanda ake jefo 'yar ƙaramar ƙwallo, ɗan wasa ya maka mata kulki, sannan ya zura da gudu yana zagaya tashoshi huɗu. Akwai wani kulob da a lokacin ake kira Oakland Athletics, wanda bayan kakar 2001 manyan kulob masu kuɗi suka kwashe masa taurari uku, cikinsu har da Jason Giambi da ya koma New York Yankees. Kuɗin da Oakland ke biyan 'yan wasanta bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da Yankees ke biya ba, don haka babu zancen gasar saye.

Manajansu Billy Beane sai ya sake dabara. Da ma masu farautar 'yan wasa sun saba duba tsayi da ƙira da kyan tsayuwa. Shi kuwa sai ya koma ga lissafi, yana tambaya ɗaya: sau nawa wannan mutum yake isa tashar farko lafiya ba a fitar da shi ba? Da wannan ma'auni ya tsinto waɗanda aka raina da araha. Ɗaya daga cikinsu Scott Hatteberg ne, wanda ya ji ciwo a gwiwar hannu har ana ganin tasa ta ƙare, sai aka sauya masa wurin tsayuwa a fili. A 2002 suka ci wasa 20 a jere, suka gama kakar da nasara 103. Ba su ɗauki babban kofin ba, amma daga nan kowa ya shiga kwaikwayonsu. Har littafi aka rubuta a kai mai suna Moneyball a 2003, aka yi fim ɗinsa a 2011.

A ƙwallon ƙafa ma an ga irin haka a Ingila. Leicester City ta sayi Jamie Vardy a 2012 daga wani ƙaramin kulob a kan fam miliyan 1, ta ɗauko Riyad Mahrez a 2014 daga rukuni na biyu na Faransa, sannan N'Golo Kante a 2015. A wannan shekarar da ƙyar suka sha daga faɗuwa, amma a 2016 sai ga su da kofin Firimiya.

Ga kuma ɗaya ɓangaren. Bayan sun ci kofin ne suka sayi namu Ahmed Musa daga CSKA Mosko da maƙudan kuɗi. Wa zai ce bai iya ba? Shi ne ya zura ƙwallo 18 a kaka ɗaya a Pillars kafin ya tafi Holan a 2010, shi ne ya ci Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. Amma zaman Leicester bai karɓe shi ba, har a farkon 2018 aka mayar da shi Mosko aro, kuma 'yan watanni bayan nan ya ci Aisland biyu a gasar duniya. Ashe iyawa daban, dacewa da wuri daban. Mai saye sai ya tambayi kansa: wannan gwanin, gurbinsa muke nema, ko sunansa ne ya ruɗe mu?

Mu dawo gida

A nan yankinmu hutun ƙwallo damina ce. Da ruwa ya zauna samari sun koma gona, sai an yi girbi an kai amfani gida sannan filayen firamare su cika, a shiga gasar cin kofi tsakanin unguwanni da ƙauyuka. Babbar cutar ƙungiyoyinmu kuwa ita ce 'yan haya. Da an ga wasa ya matso sai a yi karo-karo, a tura mota Kano ta ɗebo samari uku ko huɗu, a biya su, su buga su tafi. Yaron gari da ya yi wata da watanni yana zuwa atisaye sai ya zauna a benci yana kallo. Idan an ci an yi murna ta kwana ɗaya, idan an faɗi kuwa ga bashi ga ɓacin rai, kuma yaran gida sun yi zuciya.

Haka ta faru da ƙungiyar unguwarmu, wadda yayana ke riƙe da ita. Shekara biyu a jere ana fitar da su a zagayen farko, har yara suka fara komawa wata ƙungiya ta maƙwabta. Wata rana da damina ya miƙo mini sabon littafin rubutu ya ce, "Ƙanwata, ke da hannunki ke da kyau, ja mini layi a nan." Na ce, "Yaya, rajistar makaranta za ka buɗe?" Ya ce, "Kusan haka ne."

Kowane yaro da shafinsa. Ana rubuta ranar da ya zo atisaye da ranar da bai zo ba, ƙwallon da ya ci, wadda ya bayar aka ci, wadda ya ƙwace, da kuma sau nawa ya yi wa alƙalin wasa tsiwa. Kullum da daddare ya karanto mini in rubuta. Da aka yi girbi muka tattara, sai abin mamaki ya fito. Wanda duk gari ke yi wa tafi saboda iya yanka, shi ne ya fi kowa fashi, kuma ƙwallon da ya zubar ta fi wadda ya ci yawa nesa ba kusa ba. Wani siririn yaro kuwa da ba a ko kula shi, ɗan tsakiya, bai taɓa fashi ba, kuma rabin ƙwallayen da aka ci daga ƙafarsa suka taso.

Yaya ya sallami mai yankan ya koma waccan ƙungiya, su kuma suka ba shi mai tsaron raga da suka ajiye a benci, domin da ma nan ne ɓarakarmu take. An yi ta surutu a majalisa, har da masu cewa ya sayar da doki ya sayi jaki. Kuɗin 'yan haya kuma aka sayi ƙwallaye da magani da su. Ba su ɗauki kofi a wannan shekarar ba, amma sun kai wasan kusa da na ƙarshe da yaran gida zalla, kuma ba wanda ya biyo su bashin ko sisi.

Hattara da 'yan damfara

Wannan kasuwa tana da ɓarayinta. Akwai masu yawo da jaka da hotuna a waya, su ce su wakilai ne, za su kai yaro Turai ko ƙasashen Larabawa gwaji, amma sai an kawo kuɗin biza da na jirgi. Na san gidan da aka sayar da gona da shanun huɗa saboda haka, yau ba gona, ba Turai, yaron kuma ya bar makaranta a aji biyar. Cinikin biri a sama ke nan.

Ku riƙe waɗannan abubuwa. Dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wani kulob na wata ƙasa, in ban da wasu 'yan dalilai ƙalilan, kamar a ce iyayensa ne suka ƙaura can don wata hidimar da ba ta ƙwallo ba. Duk wanda ya ce zai fitar da ƙaninki ɗan shekara 15, ki ce wa Baba ya bincika. Na biyu, kulob ɗin da ke son ɗan wasa da gaske takarda yake aikowa da sunansa, wadda za a iya tantancewa a hukumar ƙwallo ta jiha. Na uku, akwai dokar da ta ce idan aka sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Amma fa sai ƙungiyar da ke da rajista, wadda sunan yaron ke cikin takardunta. Kun ga ashe littafin rubutu ba abin rainawa ba ne.

Kafin in ajiye alƙalami, na san masu wayo cikinku sun riga sun gano inda zancen ya dosa. Mu ma ai muna da tamu kasuwar zaɓen. Wani zai zo da shadda tana maiƙo da turare da daɗin baki, irin mai yankan nan da ake yi wa tafi. Ke dai buɗe masa shafi a zuciyarki: alƙawari nawa ya ɗauka, nawa ya cika? Yaya yake da mahaifiyarsa? Idan ransa ya ɓaci, me ke fita daga bakinsa? Sannan ki bar su Baba da yayyenki su yi nasu binciken, kar ki ce sun takura miki.

'Yan makaranta kuma ku dage da lissafi, domin manyan kulob na duniya yanzu har ma'aikata suke ɗauka waɗanda aikinsu ke nan, su zauna gaban kwamfuta suna auna 'yan wasa, kuma akwai mata a cikinsu. Allah ya shirya mana samarinmu, ya tsare su daga sharrin macuta, ya ba Masu Gida sa'a, mu kuma ya zaɓa mana mafi alheri, amin. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba idan mai duka ya kai mu.