Kiwon Manhaja: Yadda Kwamfuta Ke Haifar Da Amsar Jinga

Gabatarwa

'Yan uwana ɗalibai, duk wanda ya yi darasin ginin jimla ya san bishiyar li'irabi. Abin da ya ba ni mamaki shi ne, masana kwamfuta ma suna amfani da irin wannan bishiya wajen sa na'ura ta rubuta wa kanta manhaja. A wannan ɗan rubutu zan yi bayanin wannan hanya, wadda na kira kiwon manhaja.

Yadda Abin Yake

John Koza na Jami'ar Stanford a Amurka ne ya yayata wannan dabara a littafinsa na 1992. Manhaja jerin umarni ce da ake ba kwamfuta, kuma ana iya zana ta kamar bishiya mai rassa. Da farko kwamfuta za ta ƙirƙiro ɗaruruwan manhajoji barkatai. Sai a gwada kowace da misalan tambaya da amsa, a ba ta maki. Waɗanda suka fi kusantar daidai su ake zaɓa su zama iyaye.

Daga nan sai a yanko reshe daga wata a dasa a jikin wata, kamar yadda za mu ciro yankin suna daga wata jimla mu sa a wata, jimlar ba ta karye ba. Wani lokaci kuma a sauya umarni ɗaya da ka. Haka za a yi ta maimaitawa, zuriya bayan zuriya, har a dace da wadda ta ci dukkan misalan. Barewa dai ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Gwaji Da Jingar 'Yan Koyo

A 2015, Thomas Helmuth da Lee Spector suka tattara tambayoyi 29 irin waɗanda ake ba 'yan ajin farko na ilimin kwamfuta. Akwai nemo mafi ƙanƙanta cikin lambobi huɗu, akwai kuma ƙirga wasulan da ke cikin rubutu don kintata yawan gaɓoɓi. Tsarinsu mai suna PushGP ya warware wasu, ya kasa wasu. A 2021 aka fitar da kashi na biyu mai tambayoyi 25 masu wuya.

Sai dai akwai tarko. Manhaja na iya cin duk misalan da aka horar da ita da su, amma ta faɗi da zarar an kawo sabo. Shi ya sa ake ɓoye wasu misalan sai a ƙarshe.

Kammalawa

A nan ne na ga darasinmu. Wanda ya haddace jimlolin da malam ya feɗe a allo bai san nahawu ba, sai ran da aka ba shi jimlar da bai taɓa gani ba ya feɗe ta daidai. Allah ya sa mu dace.